Ƙananan kalmomin makaranta da ke kayar da masu koyon Turanci

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci, ban ga manyan kalmomi suna wahalar da ɗalibai kamar ƙananan da suke ji kullum a aji ba. Waɗannan su ne kowa yake ganin ya riga ya san su, ba ya ma tsayawa tambaya.

Wadda ta fi damuna ita ce "study" da "learn". Mu duk karatu muke ce musu, shi ya sa yaro yake cakuɗa su. "Study" ita ce wahalar: zama da littafi, hana ido barci. "Learn" kuwa abin da ya zauna a kai ne. Bature zai ce "I studied all night but I learned nothing", wato ya kwana yana fama amma bai tashi da komai ba. Nakan rubuta wannan jimla a allo, in bar ta a can, ba na gogewa sai kowa ya iya gina irinta da kansa. Haka nake yi wa mai rubuta "He learned me English". Ba laifinsa ba ne, don a bakinmu ka koyi abu, ka kuma koya wa wani, tushen ɗaya ne. Su kuwa sun raba: malami "teach", ɗalibi "learn".

Jarrabawa ma haka. "Take an exam" ko "sit an exam" zama ne kawai ka yi ta. Cin ta shi ne "pass".

Akwai wata ƴar kalma da nake so ƙwarai, wato "the". Yaron da ya tafi ɗaukar darasi "goes to school". Mahaifinsa da ya je ganin shugaban makaranta "goes to the school", domin shi ginin ya nufa, ba karatu ba.

Sai kuma ka san da wa kake magana. A Amurka ɗan jami'a zai ce maka yana "college", a Ingila kuwa sau da yawa makarantar ƴan shekara 16 zuwa 18 ake nufi. "Public school" a Amurka ta gwamnati ce, kyauta. A Ingila makarantar kuɗi ce mai tsada, irin su Eton da aka kafa a 1440. Shi ya sa duk wanda zai cike takardar neman gurbin karatu nake fara tambayarsa wace ƙasa takardar za ta je.