Wa ya ƙirƙiro hanyar da waya ke gano uwar garke mafi kusa da ita?

Tun da aka fara shimfiɗa fasahar 5G, manyan kamfanonin sadarwa na duniya suke ta shigar da buƙatun neman takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wata tambaya wadda a ido take kama da ƙarama: ta yaya wayar hannu za ta gano uwar garke mafi kusa da ita, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da mai wayar yake amfani da ita, alhali manhajar tana da kwafi a garuruwa da dama? Na daɗe ina karanta takardun da ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin sadarwar wayar hannu, take wallafawa a kan wannan batu, kuma matsayar da na tsaya a kanta ita ce, a cikin manyan sharuɗɗa biyu na ba da takardar, sharaɗin sabunta, wato abin ya zama ba a taɓa bayyana shi ba, ba ya tace komai sosai a wannan fanni, domin kusan kowace buƙata tana iya tsallake shi. Inda ake yin ainihin shari'a shi ne sharaɗi na biyu, wato ko abin da aka kawo yana a fili ga gwanin sana'ar tun kafin a kawo shi.

Dalilin da ya sa ake son kusanci ba ɓoyayye ba ne. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya cikin wayar gilashin da ke ɗaukar bayanai, saboda haka tazarar kilomita 1,000, kwatankwacin hanyar Kano zuwa Legas, tana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, kafin ma a lissafa jinkirin na'urorin da ke kan hanya. Mai karanta saƙo ba zai ji wannan ba, amma na'urar masana'anta da ake sarrafawa daga nesa, ko motar da ke musayar bayanai da titi, tana jin sa. Shi ya sa hukumar ETSI mai tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, mai mazauni a Sophia Antipolis ta Faransa, ta kafa rukuni na musamman a 2014 domin tsara yadda za a ajiye kwamfutoci a bakin hanyar sadarwa, kusa da turakun waya, maimakon a tara komai a cibiya ɗaya mai nisa.

Sai dai ajiye kwamfutar a kusa ba ya wadatarwa idan wayar ba ta san da ita ba. A intanet, waya tana samun adireshin uwar garke ne ta hanyar tambayar tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, kuma tsarin yana ƙiyasta inda mai tambaya yake ne daga adireshin da tambayar ta fito. A layin wayar hannu wannan ƙiyasi yana yawan kuskure, domin adireshin wayar yana ɗaure ne da ƙofar da kamfanin yake fitar da bayanai zuwa intanet, ba da wurin da mutum yake tsaye ba. Idan ƙofar tana Legas, to mai waya a Kano ɗan Legas ne a wurin DNS, kuma uwar garken Legas za a nuna masa ko da akwai wata a unguwarsu.

Maganin da 3GPP ta amince da shi yana cikin takardar TS 23.548, a fitowa ta 17 ta ƙa'idojinta wadda aka kammala a 2022. An ƙirƙiri wani sashe mai suna EASDF, kuma lokacin da waya take buɗe zaman sadarwa, sashen da ke kula da zaman, wato SMF, yana ba ta adireshin EASDF a matsayin wurin da za ta riƙa aika tambayoyinta na DNS. Idan tambaya ta iso, EASDF yana duba sunan da aka tambaya, ya gwada shi da umarnin da SMF ya ba shi, sannan ya yi ɗayan biyu: ko dai ya maƙala wa tambayar wani adireshi da ke nuna yankin da wayar take kafin ya tura ta gaba, ko kuma ya miƙa ta ga DNS na wannan yankin kai tsaye. Idan amsa ta dawo, yana iya riƙe ta, ya sanar da SMF adireshin uwar garken da aka zaɓa, shi kuma SMF ya buɗe wata sabuwar ƙofar fita a kusa da wayar, sai bayan an gama wannan a sakar wa wayar amsarta. Akwai wata hanya dabam a takardar TS 23.558, inda wata manhaja a cikin wayar kanta take tambayar jerin uwayen garke na yankin, amma ta DNS ita ce ta fi jan hankalina domin tana aiki ba tare da an taɓa manhajojin da ke cikin wayar ba.

To, a ɗora wannan a kan sharaɗin sabunta. A dokar haƙƙin ƙirƙira ta Amurka sashe na 102 ne, a yarjejeniyar Turai kuwa sashe na 54, kuma ma'anarsu ta kusa zama ɗaya: ana kashe da'awa, wato bayanin abin da mai buƙata yake neman a ba shi haƙƙinsa, da rashin sabunta ne kawai idan an sami takarda guda, ko amfani guda a bainar jama'a, wanda ya ƙunshi dukkan gaɓoɓin da'awar kafin ranar da aka shigar da buƙata. Ba a haɗa takardu biyu a nan. Idan da'awar tana da gaɓoɓi shida kuma tsohuwar takarda tana da biyar, sabuwa ce a idon doka. Lauyan da ya san aikinsa ba zai rasa gaɓa ta shida ba a tsarin da ke da sassa da saƙonni masu yawa kamar 5G: ya ce wane sashe ne ya aika, a cikin wane saƙo, ɗauke da wane bayani. Shi ya sa na ce wannan sharaɗi rariya ce mai faɗin ido.

Inda sabunta take cizo da gaske shi ne batun rana. Wakilan kamfanoni suna ɗora shawarwarinsu a rumbun 3GPP kafin kowane taro, kuma rumbun a buɗe yake ga kowa, don haka duk abin da kamfani ya ɗora kafin ya shigar da buƙatarsa zai iya zama makamin da za a kashe takardarsa da shi, musamman a Turai inda babu rangwamen shekara ɗaya irin wanda Amurka take yi wa mai ƙirƙira a kan abin da shi da kansa ya bayyana. An ga iyakar wannan a shari'ar Unwired Planet da Huawei a Landan, a kan wata takarda ta fasahar 4G wadda asalinta ta Ericsson ce. Ericsson ya ɗora shawararsa a wannan rumbu da safiyar 8 ga Janairu, 2008 a agogon Turai, sannan ya shigar da buƙatarsa a ofishin haƙƙin ƙirƙira na Amurka a wannan rana da yamma. Masu neman a soke takardar suka ce a daidai lokacin da aka ɗora shawarar, a Hawai ana cikin daren 7 ga wata, saboda haka ta fita fili kwana ɗaya kafin ranar buƙata. Mai shari'a Birss ya yanke a 2015 cewa agogon ofishin da aka shigar da buƙatar shi ne abin dubawa, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2017. Takardar ta sha da ƙyar, da tazarar 'yan sa'o'i.

Sharaɗi na biyu shi ne mai nauyi, domin a nan an yarda a haɗa takardu. Tambayar ita ce, gwani na tsaka-tsaki a fannin, wanda ya san duk abin da aka wallafa amma ba shi da wata baiwa ta musamman, shin zai isa ga wannan magani da kansa? A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar KSR da Teleflex, a kan totur ɗin mota mai daidaituwa da tsawon ƙafar direba wanda aka haɗa da na'urar lantarki mai auna takawa. Dukkan abubuwan biyu sanannu ne a da, kuma kotun ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, har a sami sakamakon da kowa yake tsammani, galibi ba ƙirƙira ba ne. Ta kuma ƙara da cewa idan hanyoyin warware matsala 'yan kaɗan ne kuma an san su, gwada su ɗaya bayan ɗaya aikin gwani ne na yau da kullum.

Wannan hukunci ya dace da batunmu ƙwarai. Kamfanin Akamai, wanda aka kafa a 1998, ya gina kasuwancinsa ne a kan amfani da DNS wajen tura mai tambaya zuwa kwafi mafi kusa da shi. Dabarar maƙala wa tambaya adireshin yankin mai tambaya kuwa an wallafa ta a 2016 a takardar RFC 7871, wadda injiniyoyin Google da Akamai suka rubuta, kuma ita ce dai EASDF yake amfani da ita. Saboda haka idan da'awa ba ta wuce cewa wani sashe na hanyar sadarwa yana karɓar tambayar DNS, ya gano inda wayar take, ya sa a dawo da adireshin uwar garke ta kusa ba, ban ga hujjar da za ta tsayar da ita ba. Matsalar sananniya ce, kayan aikin sananne ne, kuma hanyar sadarwar ta riga ta san turken da wayar take magana da shi. Sanya wa sashen sabon suna a cikin zanen 5G ba ya ƙara komai a kan abin da injiniya mai matsakaicin ƙwarewa zai yi idan aka ba shi aikin.

Amma ba na cikin masu cewa duk takardun wannan fanni shara ne. Akwai tarkon da mai bincike da alƙali suke faɗawa, wanda ya yi kama da kacici-kacici: da zarar an faɗi amsa, kowa a wurin sai ya ga ai da ma a fili take. Ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai da ke Munich yana ƙoƙarin kauce wa wannan ta hanyar tilasta wa mai bincike ya fara zaɓar tsohuwar takarda mafi kusa, ya fayyace bambancinta da da'awar, ya gina matsalar fasaha daga wannan bambanci ba tare da ya saka amsar a cikin tambayar ba, sannan ya nuna cewa gwanin zai bi hanyar, ba wai kawai yana iya bin ta ba. Idan aka auna da wannan ma'auni, wasu ɓangarori na gano uwar garke suna da ƙwari. Akamai ba ya canja hanyar da bayanan mai tambaya suke bi, zaɓar masa wuri kawai yake yi. A 5G kuwa amsar DNS ita ce take haddasa buɗe sabuwar ƙofar fita, kuma dole a riƙe amsar har ƙofar ta buɗe, in ba haka ba saƙon farko na wayar zai bi tsohuwar hanya mai nisa. Haka nan mai waya yana tafiya, kuma wayar tana ajiye tsohuwar amsa har wa'adinta ya ƙare, saboda haka wanda ya bar Zariya ya isa Kaduna zai ci gaba da magana da uwar garken da ya baro sai an sami hanyar umartar wayar ta share abin da ta ajiye ta sake tambaya. Da'awar da ta bayyana takamaiman tsarin jerin waɗannan matakai, da abin da za a yi idan ɗaya ya gaza, tana da abin cewa a gaban alƙali.

Shaidun gefe, waɗanda Kotun Ƙolin Amurka ta ambata tun shari'ar Graham da John Deere a 1966, kamar nasara a kasuwa da daɗewar buƙata ba tare da magani ba, ina ganin ba su da ƙarfi a nan. Idan dabara ta shiga ƙa'ida, kowa zai yi amfani da ita dole, don haka yawan masu amfani ba ya nuna fifikonta. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne rahoton nazari na TR 23.748, wanda ya gabaci ƙa'idar, inda kamfanoni daban-daban suka kawo shawarwari masu kama da juna a cikin watanni kaɗan. Idan injiniyoyi a Shenzhen da Stockholm da San Diego suka isa wuri ɗaya kusan lokaci ɗaya, alama ce cewa hanyar ba ta da wuyar gani. Sai dai dokoki sun bambanta a kan yadda ake lissafa irin wannan tsere, domin buƙata tana zama a ɓoye wata 18 kafin a wallafa ta. A Turai, buƙatar abokin hamayya da ta riga taka shiga amma ba a wallafa ta ba tukuna tana iya kashe taka da rashin sabunta kaɗai, a Amurka kuwa ana iya amfani da ita a sharuɗɗan biyu, kuma wannan yana sa da'awa ɗaya ta tsaya a Munich ta faɗi a Amurka.

Abin da ke bayan duk wannan jayayya kuɗi ne. Takarda tana rayuwa shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, kuma idan ta zama wajibi ga aiwatar da ƙa'ida, duk mai ƙera waya ko kayan sadarwa sai ya biya mai ita, ko da yake ETSI tana neman masu irin waɗannan takardu su yi alkawarin ba da lasisi a kan sharuɗɗa na adalci ba tare da nuna bambanci ba. Sau da yawa ana cinikin lasisin ne a kan tarin takardu gaba ɗaya, inda yawan adadi yake da tasiri, don haka takarda mai rauni da ba a ƙalubalance ta ba tana ƙara wa mai ita kaso, kuma a ƙarshe wani abu daga cikin kuɗin yana shiga farashin wayar da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano. A Amurka akwai hanyar ƙalubalantar takarda a gaban hukumar ofishin tun 2012, a Turai kuma ana da wata tara bayan bayarwa don shigar da adawa. A Najeriya, inda MTN ya fara 5G a 2022, dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ta gindaya sharuɗɗan nan biyu, amma magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne ko yana a fili, kuma ana ba da takardar ba tare da lamunin ingancinta ba. Duk wanda yake ganin ba ta cancanta ba sai ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, ya kawo tsofaffin takardun da kansa, ya kuma nemo gwanin da zai yi wa alƙali bayanin abin da injiniya ya sani a ranar da aka shigar da buƙatar.