Talata a shago: awon gudun USB

Kasuwa ba ta buɗe da wuri ba yau, sai na ce bari in yi aikin da nake ta ɗagawa. Makon jiya na sayo wa SSD, diskin nan mai sauri da nake tara fina-finan turi, sabon gida a kasuwar Wunti, ɗan akwatin nan da ake zura diski a ciki a jona shi da kwamfuta. A jikin kwalin an rubuta 5 Gbps ɓaro-ɓaro, wato gigabit 5 a daƙiƙa, gudun USB 3.0, amma in ana kwafi sai ya yi ta jan ƙafa.

Na buɗe CrystalDiskMark, manhajar auna gudun diski, na auna, ya ba ni wajen megabait 35 a daƙiƙa. Ina ganin lambar na gane ta, iyakar USB 2.0 ke nan, wanda ya fito tun 2000. A takarda 480 ne, amma megabit. In ka raba da 8, tunda bit 8 ne bait ɗaya, ya koma megabait 60, aika umarni da jiran amsa su ci nasu kason, abin da ya rage da ƙyar yake kai 40. Na mayar da shi rami mai shuɗin harshe, wato na USB 3.0, bai canza zani ba.

Yaron shago ya ce, "Oga, ko dai diskin ne ya gaji?" Na ce masa ya hasko min bakin kebul ɗin da tocilan waya. Na USB 3.0 ƙarafa 9 ne a bakinsa, 4 a gaba, 5 can a ƙurya. Wannan da ya zo cikin kwalin 4 ne kacal, na USB 2.0 ne kawai aka cusa. Na aro mai kauri wajen maƙwabcina mai gyaran waya, awo ya haura 400. Haka ya kamata, domin USB 3.0 na 2008 yana aika bit 10 ne a kan kowane 8 na ainihin saƙo, don haka rufinsa megabait 500 ne tun kafin a cire sauran.

Bayan Azahar ne na yi abin da ya fi ba ni sha'awa. Na ɗauko tsohon akwatina, na sa masa diskin nan dai, kebul ɗaya, rami ɗaya, don kada in ɗora wa wani laifin wani. A babban fayil ya ɗan biyo bayan sabon. A ƙananan fayiloli kuwa, layin awon da manhajar ta rubuta wa 4K, mai umarni da yawa a jere, sabon ya yi masa fintinkau. Na kwance su duka. A kowanne akwai ɗan baƙin cip guda, shi ke tafinta tsakanin SATA, wato mahaɗin diskin, da USB. Na sabon JMicron JMS578 ne, yana jin UASP, wato yana karɓar umarni da dama a lokaci guda. Na tsohon an goge rubutun kansa, kuma tsohon tsari yake bi, sai ya gama da umarni ɗaya kafin ya saurari na gaba, kamar mai shayin da ba ya jin na biyu sai ya miƙa wa na farko kofinsa. 

Da La'asar wani dattijo ya kawo waya a zuba masa tafsiri. Ya ga bakinta irin sabon nan ne, Type-C, ya ce, "Ɗana, ai wannan nan take ne ko?" Na ce, "Baba, zauna dai a kawo maka ruwa." Wayoyi da yawa bakin ne kawai sabo, cikinsu USB 2.0 ne, duk gudun diskina ba zai ƙara musu komai ba. Sai da muka yi hirar farashin masara a Muda Lawal kafin ya cika.

Kebul ɗin aro na mayar kafin Magariba. Gobe in Allah ya kai mu zan aiki yaron ya sayo namu, na kuma ce masa ya ƙirga ƙarafan a gaban mai shagon kafin ya biya.