Tufka da warwara: inda na kai da lizozim ɗina na waya

Ƴan'uwa ƴan koyo, ina gaishe ku daga Tawa. Yau mako bakwai ke nan da na sa hannu a aikin da na yi muku alkawari, wato in lanƙwasa waya har ta ɗauki siffar lizozim, anzim ɗin nan na cikin farin ƙwan kaza (anzim furotin ne mai hanzarta aikin sinadarai a jikin mai rai). Yana can rataye a zaure. Bai ƙare ba, amma ya kai matsayin da baƙo ke shigowa ya tsaya ya ce, "Mushe, wannan tarkon me ne?"

Lizozim na zaɓa saboda ƙarami ne, amino asid 129 kacal (su ne ƙwayoyin da ke jeruwa su yi sarƙar furotin), kuma duk wanda ke da kaza a gida yana da shi. Yana cikin hawaye da miyau da majina ma. Alexander Fleming ya gano shi a majinarsa lokacin da mura ta kama shi, ya buga sakamakon a 1922, shekara shida kafin labarin penisilin. Aikinsa fasa katangar ƙwayoyin bakteriya. Shi ne kuma anzim na farko da aka ga siffarsa dalla-dalla, a 1965, a hannun David Phillips da abokan aikinsa a Landan. Na sauko da fayil ɗin siffarsa mai lamba 2LYZ daga PDB, taskar siffofin furotin ta intanet, ina buɗe shi da PyMOL, manhajar kallon siffar furotin, a tsohuwar kwamfutata in an kawo wuta.

Ga ma'aunin da na bi, don wanda zai gwada. Ban ɗauki kowane atom ba, sai kabon ɗin tsakiya na kowane amino asid, wanda ake kira kabon alfa. Tsakanin ɗaya da na gabansa angistirom 3.8 ne, kusan kullum (angistirom shi ne ɗan ma'aunin da ake auna tazarar atom da shi). Na mai da angistirom ɗaya santimita ɗaya, don haka kowace gaɓa santimita 3.8, gaɓoɓi 128 suka ba ni waya ta kusan mita biyar. In an gama naɗi, abin gaba ɗaya ba zai wuce santimita 45 a tsawo da 30 a faɗi ba. Mita biyar a cikin girman ƙwarya.

Wayar farko asara ce. Jan ƙarfe na saya wurin mai naɗin injin fanka, jika biyu, don na ga yana lanƙwasuwa da sauƙi. Ashe sauƙin nan shi ne ciwon: ka gama lanƙwasa gaba, baya ya saki. Wani yaron maƙwabtanmu, gwanin ƙera motar waya, ya leƙo ya ga ina fama, ya ce, "Mushe, wannan ai ba ta riƙe magana. Ta shinge za ka nema." Shi ya nuna mini yadda ake miƙar da wayar shinge, a zagaya ta jikin turke a ja da ƙarfi, da yadda ake kama ta da filaya biyu don kwana ta fito da kaifi. Tun daga ranar shi ne mataimakina, ladansa ragowar waya.

Mako na biyu da na uku suka tafi a kan murɗa, wadda littafi ke kira heliks alfa. Lizozim na da manya huɗu, kusan daga amino asid na 5 zuwa 15, 25 zuwa 36, 89 zuwa 99, sai gajeriya daga 109 zuwa 115. Ƙa'idar murɗar ba wuya: amino asid 3.6 a kowane zagaye, kowane zagaye na hawa angistirom 5.4. Na sami guntun bututun ruwa, na zana layi a jikinsa, na naɗa wayar a kai. Huɗun suka fito sumul, har na ɗauki hoto.

Sai da na kai su gaban kwamfuta na ga abin da na aikata. Duka huɗun hagu suka murɗa. Ni bahago ne, hannuna ya bi inda ya saba. Murɗar furotin kuwa dama take bi, kamar zaren kusar da kafinta ke ɗaurewa: in ka leƙa ta daga baki ɗaya, tana nisa da kai tana juyawa yadda hannun agogo ke juyawa. Na ce to ai sai in kifa su, kai ya koma ƙasa. Ku gwada ku gani, ba ta canzawa. Murɗar hagu ko ta ina ka juya ta hagu ce, kamar yadda takalmin hagu ba ya shiga ƙafar dama don an juya shi. Dalilin da ya sa halitta ta zaɓi dama shi ne su kansu amino asid ɗin masu hannu ɗaya ne, nau'in da ake kira L, in suka murɗa hagu rassansu na karo da gangar jikin sarƙar. Na karanta wannan ya fi sau goma ina koyar da shi a lakwal, amma bai zauna mini ba sai da na kwana biyu ina warware abin da na tufka. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, Linus Pauling da ya fito da murɗar, shi da Robert Corey da Herman Branson a 1951, da takarda ya fara, yana naɗe ta da hannu yana kwance ba lafiya a Oxford a 1948, kuma hoton da suka buga a wancan aikin murɗar hagu ce.

Sashen beta, wajen 41 zuwa 60, bai ba ni wuya ba. Zare uku ne da ke zuwa su dawo gefe da gefe kamar saƙar tabarma. Yini ɗaya na gama.

Inda na sha wuya na gaske shi ne haɗawa, kuma nan nake so ku tsaya da ni kaɗan.

Dabarar da na fara da ita ita ce in bi sarƙar daga kai zuwa wutsiya. A kowace gaɓa akwai lamba biyu: kusurwar da kabon uku ke yi, da juyin da kabon huɗu ke yi. PyMOL na auna duka. A cikin murɗa kusurwar kusan digiri 90 ce, juyin kusan 50. A beta kusurwar ta fi buɗewa, wajen 120. Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba, a farkon shekarun 1970 Byron Rubin ya ƙera wata ƴar na'ura da ke lanƙwasa waya da waɗannan lambobi biyu, masana suka yi ta amfani da ita kafin kwamfuta ta iya zane. Ni ba ni da na'ura, sai ma'aunin kusurwa na ƴan lakwal da ido. Na cika shafi huɗu da lambobi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga lizin na 1 har lusin na 129.

Alamar da za ta nuna an yi daidai tana nan a jikin furotin ɗin. Lizozim na da sistin takwas, wato amino asid masu ɗauke da farar wuta, suna ƙulluwa biyu-biyu: 6 da 127, 30 da 115, 64 da 80, 76 da 94. Ku duba na farko, kai ne da wutsiya. A ma'aunina bai kamata tazararsu ta wuce santimita bakwai ba. Da na gama, tsakanin 6 da 127 ya fi taƙi biyu. Kowace kwana na yi kuskuren digiri uku ko biyar, ba wanda ido zai gani, amma sun taru sun kai wutsiya wani gari.

Na bar shi kwana uku ban taɓa ba. Ranar na huɗu na canza tunani. Na yanka sarƙar gida shida, na yi firam na katako, na rataye murɗoɗin da zare kowace a mazauninta, ina auna tazara tsakanin wuraren da ke nesa a jere amma maƙwabta a siffa. Na fara yin ƙullin sistin huɗun nan da siririyar waya, sannan na bar gaɓoɓin tsakani suka nemi hanyarsu. Cikin yini biyu siffar ta tsaya.

A ganina wannan ne babban abin da wayar ta koya mini. Ba kusurwoyi ke riƙe da furotin ba, riƙon da sassa masu nisa ke yi wa juna ne. Rawani ma haka yake: ba wanda ke auna kowane zagaye, inda aka soke bakinsa da inda wani zagaye ya danne wani su ke tsai da shi. Kuma lissafi na goyon bayan haka. In kowace gaɓa tana da zaɓi uku kawai, gaɓoɓi 128 za su ba da siffofi da yawansu lamba ce mai sifili wajen 61. Cyrus Levinthal ya nuna tun 1969 cewa da furotin gwada su yake ɗaya-ɗaya, da duniya ta tashi bai gama ba. Amma ƙananan furotin na naɗewa cikin daƙiƙa ko ƙasa da haka.

Me ke jan su? Amsar ta fito mini da na sa duwatsu. Na je wurin mata masu sai da duwatsun ado a babbar kasuwa, na zaɓo kala huɗu: baƙi ga amino asid masu gudun ruwa irin lusin, balin da tiriftofan, ja ga masu cajin ragi, shuɗi ga masu cajin ƙari, rawaya ga sistin. Na ɗaura kowane a ɗan reshen waya yana fuskantar inda fayil ya nuna. Da na ja baya na duba, baƙaƙen sun dunƙule a ciki, ja da shuɗi suna waje. Man gyaɗa a cikin ruwa ke nan, ya tattara kansa wuri ɗaya. Wani abin kuma da ban lura da shi a allo ba: shuɗi ya rinjayi ja ƙwarai, arjinin guda 11 da lizin guda 6 masu cajin ƙari, a kan aspartat guda 7 da gulutamat guda 2 masu cajin ragi. Katangar bakteriya cajin ragi gare ta, kun ga yadda mai farauta ke manne wa abin farautarsa.

Sistin takwas ɗin nan sun mai da ni kan Christian Anfinsen. Shi da wani anzim mai suna ribonukliyaz ya yi aiki, amino asid 124, shi ma sistin takwas. Hanyoyin da takwas za su ƙullu biyu-biyu 105 ne, bakwai sau biyar sau uku, ɗaya ce kawai daidai. Ya warware furotin ɗin da ure, sinadarin nan dai da ke cikin takin da manoman albasar Galmi ke zubawa, da wani sinadari mai kwance ƙullin farar wuta. Da ya janye su a hankali, furotin ya koma siffarsa da kansa, ya ci gaba da aiki. Da ya bar ƙullin ya ƙullu alhali ure na nan, sai aka sami hargitsattse mai aikin da bai fi kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wato ƙullin ba shi ke zaɓar siffa ba, hatimi ne a kan siffar da ta riga ta samu. Ni na fara da ƙulli ne don na riga na san amsar. Anfinsen ya karɓi kyautar Nobel a 1972.

Inna ta zo daga ƙauye a makon nan da cuku, ta tarar ina bayani wa yaron cewa zafi ne ke warware furotin, shi ya sa dafaffen ƙwai ke fari ya daskare, warwararrun sarƙoƙi sun cakuɗe da juna. Ta ce, "To kai da iliminka, mai da shi ɗanye mana." Na ce mata a 2015 wasu masu bincike a Amurka da Ostareliya sun dafa farin ƙwai, suka narkar da shi da ure, suka juya shi a na'ura, suka dawo da lizozim ɗin cikinsa yana aiki. Ta ce ƙwan fa? Na ce ƙwan bai dawo ba. Ta ce to. Ban gaya mata cewa ita ma da anzim take aiki ba, don abin da ake ɗebowa daga cikin ɗan akuya mai shan nono a sa a madara ta kama, kimozin ne, yana yanka furotin ɗin madara mai suna kafa-kazin a wuri ɗaya tak, tsakanin amino asid na 105 da na 106. Shi nake tunanin yi nan gaba, sai dai ya fi lizozim girma fiye da ninki biyu, zauren ba zai ɗauka ba.

Yanzu abin da ke gabana shi ne bakin. Siffar lizozim gida biyu ce, ɓangaren murɗoɗi da ɓangaren beta, da tsagi mai zurfi a tsakaninsu. Tsagin na ɗaukar zoben sukari shida na sarƙar katangar bakteriya, ana kiran mazaunansu A zuwa F, yankan na faruwa tsakanin D da E. Masu yankan biyu ne, gulutamat na 35 a gefe ɗaya, aspartat na 52 a ɗaya gefen. A jere akwai gaɓa 17 tsakaninsu, a siffa suna kallon juna kamar leɓe biyu. Tiriftofan 62, 63 da 108 na shimfiɗe a tsagin suna riƙe sukarin. Gulutamat 35 na zaune cikin masu gudun ruwa, shi ya sa yake riƙe haidurojin ɗinsa har lokacin da zai miƙa shi ga mahaɗar da za a yanke. Game da aspartat 52, Phillips ya ɗauka tallafar caji kawai yake yi, sai a 2001 aka nuna cewa yana ƙulluwa da sukarin na ɗan lokaci kafin ruwa ya zo ya kwance. Littafin da nake da shi na tsohon bayanin ne, ku duba naku.

Tsagin nawa ya yi faɗi da yawa, hannuna na shiga har wuya, alhali zoben sukari a wannan ma'auni bai fi santimita biyar ba. Ina zargin gaɓoɓin 60 zuwa 75, inda na gaji na riƙa ƙiyasi da ido. Gobe in an kawo wuta zan sake auna su. Yaron ya riga ya lanƙwasa zobba shida da jan ƙarfen nan da na ce asara ce, ya jera su a kan tabarma, yana jira a gyara bakin ya gwada ko za su shiga.