Dankalin ajiya: daga kunya zuwa ɗaki

'Yan'uwa masu koyon noman dankalin Hausa, ga inda aiki ya kai: an wuce shuka, an wuce noman ciyawa, saiwa ta fara ƙosawa, yanzu maganar tono da ajiya ce a gabanmu. Ɗakin ajiya ba ya gyara dankali, iyakarsa ya riƙe shi yadda aka kawo masa. Yawancin ruɓar da ake gani bayan wata ɗaya ko biyu tun daga gona aka kwaso ta, shi ya sa za mu ɗan koma baya kafin mu ɗauki fartanya.

Farko dai iri. Cutar baƙar ruɓa, wadda ke yin baƙaƙen tabo zagayayyu masu ɗan lotsawa a jikin dankali ta kuma sa shi ɗaci, a jikin iri take tafiya, kuma tana zama a ƙasa. Wanda ya tumɓuke tsiro da saiwarsa daga inda ya rene shi yana iya ɗauko ta. A riƙa yanka tsiron da wuƙa mai tsabta, sentimita 2 zuwa 3 sama da ƙasa. Idan daga yaɗo za a yanko, a ɗauki kan yaɗon, tsawon sentimita 25 zuwa 30, domin ƙwai da tsutsar ƙwaron dankali sun fi yawa a tsohon gindi. Gonar da cutar ta taɓa bayyana a hutar da ita daga dankali shekara 2 zuwa 3.

Taki kuma, yawan yuriya ganye yake bayarwa. Gona za ta yi kore shar, ana ta yabawa, a tona a sami saiwa sirara mai ruwa-ruwa wadda ba ta jure ajiya. Dankali ya fi buƙatar fotash, shi ke cika saiwa.

Ruwa da ƙasa su ne wurin da aka fi yin asara ba a sani ba. Idan ƙasa ta bushe ƙamas sannan aka kwarara mata ruwa, saiwa na kumbura da sauri ta tsage, kuma kowace tsaga ƙofa ce ga cuta. Idan ruwa ya kwanta a kunya kwanaki kafin tono, saiwa ba ta samun iska, sai ta fara tsami daga ciki. A waje ba a ganin komai, amma ita ce ke fara lalacewa a ɗaki. Mai ban-ruwa ya tsayar da ruwa mako 2 zuwa 3 kafin tono. Sai dai busasshiyar ƙasa na da nata haɗarin: tana darewa, kuma ta waɗannan darewar ƙwaron dankali ke isa ga saiwa, don shi ba ya iya haƙa mai zurfi. Ya sa ƙwai, tsutsa ta huda ciki, dankalin ya yi ɗaci da wari ko da hudar kaɗan ce. Maganinsa a bi kunya da fartanya ana jawo ƙasa ana rufe duk wata tsaga da duk saiwar da ta leƙo waje. Aiki ne mai gajiyarwa, amma a ganina babu aikin da ya fi shi riba a wannan zangon. Kuma kada a bar dankali ya wuce lokaci a ƙasa, ƙwaron ƙaruwa yake yi.

Yawancin iri na ƙosawa tsakanin wata 3 zuwa 5. Don a tabbatar, a tono ɗaya a yanka a bar shi a iska. Idan farin ruwan da ya fito ya bushe fuskar yankan ta zauna fes, ya ƙosa. Idan ta yi duhu, a ƙara masa lokaci. Da an tabbatar, a yanke yaɗon gaba ɗaya a bar saiwar a ƙasa mako 1 zuwa 2. A wannan ɗan zaman ɓawon ke ƙara tauri ya daina saɓulewa da taɓawa kaɗan. Idan ana zuba ruwan sama sosai, kada a jira cikar lokacin.

Ranar tono a fara haƙa daga gefen kunya, nesa da gindi, a ɗaga ƙasa a hankali. Ɓawon sabon dankali kamar fatar jariri yake, farce ma na ƙuje shi. Kada a jefa shi kan tsibi, kada a buga biyu don kakkaɓe ƙasa, kada a wanke. Kada kuma a bar shi a rana mai zafi fiye da rabin awa zuwa awa ɗaya, yana ƙonewa, wurin ƙunar kuma nan ruɓa ke farawa. A zuba a akwati ko kwando mai shimfiɗa a ciki; buhun da aka danƙara aka ja a ƙasa yana ƙuje kusan kowanne. A nan take a ware: wanda fartanya ta sara, wanda ƙwaro ya huda, mai baƙin tabo, duk a fitar a yi amfani da masu kyau cikinsu da wuri.

Sai warkar da rauni, matakin da masu koyo suka fi tsallakewa. Duk taka-tsantsan ɗin da aka yi, kowane dankali na da rauni aƙalla a inda aka ɓalle shi daga gindi. Idan aka sa shi a wuri mai ɗumi da laima, yana yin sabuwar fata a ƙarƙashin raunin wadda ke hana ruwa fita, ta hana funfuna shiga. Abin da ake nema shi ne zafi wajen digiri 29 zuwa 30 a ma'aunin Selsiyus, laimar iska kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, na kwana 4 zuwa 7, kuma a fara a ranar tonon. A lura, wannan ba shanya ba ce. Wanda ya baza dankali a busasshiyar iska raunin zai bushe ya tsage, fatar ba za ta fito ba. A jera akwatunan a inuwa, a lulluɓe da buhun algarara mai ɗan danshi ko busasshiyar ciyawa, a bar kafar iska, domin dankali yana numfashi. Idan ruwa na taruwa yana ɗiga a kansa, laimar ta yi yawa, a buɗe kaɗan. Alamar an gama: a murza ɓawon da babban yatsa, bai saɓule ba. Kada a zarce kwanakin, tsiro zai fara. A wannan lokacin ne kuma zaƙinsa ke ƙaruwa.

Bayan haka wurin da ya fi dacewa shi ne mai digiri 13 zuwa 16, da laima kamar ta baya, cikin duhu. Nan dankali mai lafiya na iya kai wata 6 ko fiye. Ƙasa da digiri 12 sanyi na yi masa lahani: cikinsa ya yi duhu, wani wurin ya ƙi laushi ko an dafa. Don haka firji ba wurinsa ba ne. Sama da digiri 16 kuwa tsiro yake yi, ya yanƙwane, cikinsa ya yi fanko.

Inda ba a iya samun wannan sanyin, yashi na taimakawa. A samo busasshen yashi mai tsabta, a bar shi ya huce idan daga rana aka kwaso. A shimfiɗa shi a ƙasan akwati ko rami mai inuwa da ruwa ba ya shiga, a jera dankali ba tare da suna taɓa juna ba, a rufe da yashi, a sake jerawa, saman a yi masa kauri wajen sentimita 10 don ƙwaro. A duba duk bayan mako 3 zuwa 4, a ɓalle tsiro. Wanda ya yi laushi yana tsiyayar ruwa da farin gashin funfuna a cire shi tare da yashin da ya jiƙa, a kuma duba na kusa da shi sosai kafin a mayar.