Awa nawa ne daga Abuja zuwa Jidda?

Duk sanda lokacin Umara ya matso, sai 'yan uwa su dame ni da wannan tambaya, don kawai ina zaune a Lugbe, kan hanyar filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Goggona ce ta baya-bayan nan. Ta kira ni ta ce, "Kai da jirage ke wucewa ta saman ɗakinka, awa nawa zan yi a sama?" Na ce mata, "Goggo, ki shirya wa awa shida zuwa bakwai, in ya gaza haka riba ce."

Tsakanin Abuja da Jidda, in aka miƙe sak, kusan kilomita 3,700 ne. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a awa ɗaya, to in ka haɗa da tashi da sauka, awa biyar ko ƙasa da haka kaɗan ke nan. Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta kusa da Njamena, ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa kewaye ta. Kewayen nan ba ƙaramin mai yake ci ba, har ya taɓa kuɗin jigilar alhazai a Hajjin shekarar. Wanda ya yi Hajji kafin nan kada ya ɗora wa maniyyaci lissafinsa na da.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Tikiti ya nuna tashi ƙarfe goma na dare, sauka shida na safe, mutum ya ce awa takwas zai yi, alhali shida ne. A dawowa kuma sai ya ga kamar tafiyar ta gajarce.

Ni dai a ganina zaman cikin jirgin shi ne mai sauƙi. Jiran da ake yi a sansanin alhazai na Basan Jiwa, da awon kaya, da layin biza a can, su ne ke karya tsofaffi. Mai Umara da ya bi ta Alkahira ko Addis Ababa don araha kuwa, ya sa a ransa yini guda zai ɓata.

Ga kuma batun harami. In Jidda jirginki zai sauka kuma Makka kika nufa kai tsaye, a sama za ki ƙetare miƙati, don haka wanka da shiri tun daga Abuja ake yi, niyya ce kawai ke saura. Maza musamman, kada su jefa harami cikin babbar jakar da za a kai ƙasan jirgi. In Madina aka fara sauka, sai a Zul Hulaifa. Goggo dai ta Madina za ta fara, na ce ta riƙe rigar sanyi a hannu.