Tumuni da sudusi: abin da littattafan not na ɗalibaina suka koya mini

Ina cikin shekarata ta huɗu da fara koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye aka ɗora mini 'yan aji uku. Lissafi aka ɗauke ni in koyar. Amma saboda ƙarancin malamai, da zangon ƙarshe ya zo, jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, ta matso, sai ya zama ni ne mai bitar kimiyya, ni ne mai bitar tarihi da labarin ƙasa, har adabin Hausa nakan riƙe idan mai darasin bai samu zuwa ba. Ta haka na samu ganin littattafan not na yaro ɗaya a darussa biyar jere a kan tebur guda, abin da malami kan shekara goma bai gani ba.

Akwai wata yarinya da duk makarantar aka san ta da kyan rubutu. Kanun darasi da jan biro, kowane layi an ja shi da rula, ba gogewa ba tsallake. Idan masu duba makarantu suka zo, littafinta ake miƙa musu. Wata ranar Talata na rubuta 1/6 da 1/8 a allo, na ce ta gaya mini wanne ya fi yawa. Ba ta yi wata-wata ba ta ce 1/8, ai takwas ta fi shida. Na buɗe littafinta, ga darasin nan shafi uku cif, har da wannan misalin, da hannunta ta rubuta shi.

Na san tana zuwa Islamiyya da yamma, don haka na sauya tambayar. Na ce, "To, mutum ya rasu ya bar 'ya'ya, ya bar mahaifiyarsa da matarsa. Wa ta fi samun kaso mai yawa a cikin su biyun?"

Ta ce, "Malam, ai uwa ce. Ita sudusi take da shi, matar kuwa tumuni."

"Me ya sa sudusi ya fi tumuni?"

"Saboda in aka kasa abu gida takwas, kowane kashi ya fi ƙanƙanta a kan in an kasa shi gida shida."

Tana rufe baki ta dubi allo, sai ta dafe kai. Ilimin yana nan a kanta tun tuni, littafin nan mai kyau ne bai taɓa haɗuwa da shi ba. Ranar muka ɗauki naira 240,000 muka raba: uwa 40,000, mata 30,000. Na nuna musu cewa 24 ɗin da malaman rabon gado suke mayar da irin wannan mas'ala gare ta, ita ce lamba mafi ƙanƙanta da 6 da 8 suke shiga cikinta ba saura, wato abin da suka kwafa da sunan LCM tun suna aji ɗaya. Daga nan muka gangara zakka. Ɗaya cikin arba'in na kuɗi shi ne kashi 2.5 cikin ɗari, hatsin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma, na ban-ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin. Yaran da suke noƙewa idan an ambaci kaso cikin ɗari, ranar har rige-rigen ɗaga hannu suke.

Na kwana ina juya abin a raina. Yadda muke yi shi ne malami ya cika allo, ko ya ba monita littafinsa ya rubuta, yara su kwafa har a kaɗa ƙararrawa. Ba na ganin laifin malamai gaba ɗaya, domin a inda yaro ba shi da littafin karatu ko ɗaya, not ɗin nan shi ne littafinsa, in ka hana shi ka bar shi hannu rabbana. Sai dai ni na yi makarantar allo kafin boko, kuma na tuna can ba a wanke allo sai ka biya wa malam karatun da ka, ya gamsu ya zauna. Rubutu a can hanya ce ta kai karatu ƙirji. A boko mun ɗauki rabin farko na wannan tsari mun bar rabi na biyu, yaro ya rubuta, a sa masa hannu da jan biro, ba wanda zai ce rufe littafin ka gaya mini abin da ke ciki.

Sai na sa kowa ya ja layi ya raba shafi biyu. Hagu na Turancin da za su tarar a jarrabawa ne, a taƙaice. Dama kuwa nasu ne, su faɗi abin da Hausarsu, su kawo misali daga gida ko gona ko kasuwa. Wanda ya bar dama fayau, na san inda zan tsaya da shi.

A kimiyya abin ya fi saurin kamawa. Sun haddace ma'anar yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska, kalma bayan kalma, amma da na tambaye su dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, aji ya yi tsit. Muka aro randa daga maƙwabta. Suka shafa bayanta suka ji danshi, na bayyana musu cewa ruwa ne ke tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, idan zai bi iska sai ya ɗebi zafi daga jikin randar ya tafi da shi. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, shi ya sa da bazara ta fi sanyaya ruwa a kan da damina?" Shi ya sa kuwa, busasshiyar iska ta fi ɗaukar danshi. Na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kayan miya suka riƙa daɗewa ba su lalace ba. Wannan aiki ya kai shi ga samun kyautar Rolex a 2000. Darasin da ke shafi guda na littafinsu shi ne duk sirrin abin.

Ka'idar Pythagoras kuwa wani dattijon magini ne ya koyar mini da ita a karo na biyu. Ana fitar da harsashin sabon aji, na ga ya auna ƙafa 3 a wannan gefe, 4 a wancan, yana ta gyara igiya har tsakaninsu ya ba shi 5. Na ce, "Baba, don Allah ka bari in kira yara su gani." Ya ce, "Kirawo su, Malam, haka ubangidana ya nuna mini, in ba haka ba kusurwa sai ta karkace." Yaran suka lissafa a ƙasa da tsinke, 9 da 16 sun ba da 25.

Tarihi ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ya fi damuna. An cire shi daga manhajar waɗannan azuzuwa fiye da shekara goma kafin a dawo da shi, don haka malaman da suka iya koyar da shi sun yi ƙaranci, not ɗinsa ya koma jerin shekaru. 1804, 1903, 1914, 1960. Yaro zai jero maka su, amma bai san ko Gudu tana gabas da shi ko yamma ba. Na hana a rubuta shekara sai an ɗora ta a kan taswira. Suka zana Degel da Gudu inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira a 1804, da Alƙalawa da ta faɗi a 1808, da Kano da Sakkwato da Turawa suka ci a 1903. Da muka ja layin dogon da ya iso Kano a 1911, sai tarihi da labarin ƙasa suka haɗe da kansu. Turawa auduga suka sa rai za su riƙa kwasa, manoma suka duba farashi suka duba ƙasarsu mai jigawa da gajeriyar damina, suka rungumi gyaɗa, wadda ko ba a saya ba ana iya ci. Daga nan aka samu dalar gyaɗa. Ita gajeriyar daminar ma sai da muka bi sawunta. Iska mai ɗauke da ruwa daga tekun Atlantika take tasowa ta kudu maso yamma, ta riga isa Legas da watanni kafin ta iso mu, ta kuma riga barinmu, sannan ta hunturu ta sauko daga arewa maso gabas da ƙurar Sahara. Darussa biyu ne a jadawali, littattafai biyu a jaka, amma a taswirar da suka zana da hannunsu labari ɗaya ne.

A adabi ban yi wani dogon abu ba. Sun kwafi ma'anar jigo da salo da kamance da mutuntarwa. Na ce kowa ya je gida ya samo karin magana uku ko waƙar daka ko ta niƙa daga bakin kakarsa, ya nuna mana adon harshen da ke ciki. Wanda ya kawo "rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya" shi ya gano da kansa cewa an ba rana halin mutum.

Wannan hanya tana da tsada, ba zan ɓoye ba. Tana cin lokaci, a zangon nan akwai batutuwa biyu na lissafi da ban kai gare su ba, kuma har yanzu abin yana ci mini rai, domin jarrabawa ba ta tambayar dalili. An taɓa yi mini magana cewa littattafan ajina sun yi ƙazanta, duk gogewa da zane-zane. Ga kuma dubawa. Idan yaro ya rubuta da fahimtarsa yakan rubuta kuskure, in ba ka gani ba kuskuren zai haddace, ni kuma yara sun haura tamanin. Dole na riƙa ɗaukar littafi goma sha biyar kullum in tafi da su gida, sauran su yi musaya su duba wa juna. Kuma Turancin nan na hagu ba a wasa da shi, akwai waɗanda suka fahimci abu sarai da Hausa suka kasa gane shi da ya zo musu a takardar tambaya. Su ne na fi zama da su a makonnin ƙarshe, muna karanta tsofaffin tambayoyi muna fassara su tare kafin mu taɓa amsa.

Saura kwana huɗu a fara jarrabawa na shiga aji da sassafe, na tarar da yarinyar nan a gaban allo ita da ƙawarta, suna gardama a kan 3/8 da 1/3. Littafinta yana kan benci a rufe. Ta rubuta 24 a sama, ta ce wa ƙawar, "Ki ɗauka gado ne. Wannan tara yake samu, wannan takwas." Na tsaya daga bakin ƙofa har ta gama, sannan na yi sallama.