Ranar da kwamfutoci biyu suka yi jayayyar shugabanci a Sabon Gari

Ni nake kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da magani sari a Sabon Garin Zariya. Duk rasit, duk lissafin kayan sito, yana cikin rumbun bayanai na PostgreSQL. Da na ga saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ita ce ke ɗauke da kamfanin baki ɗaya, sai na lallashi Alhaji, mai kamfanin, ya sayi ta biyu. Na haɗa su gungu da manhajojin Pacemaker da Corosync: ɗaya na aiki, ɗaya na kwafar duk abin da aka rubuta, tana jiran ranar da 'yar'uwarta za ta faɗi ta karɓi ragama. Kullum suna aika wa juna ɗan saƙo, wanda masu sana'ar ke kira bugun zuciya, ma'anarsa "ina raye". Na gwada, na zare wa ta farko wuta, cikin ƙasa da minti guda ta biyu ta ɗauka. Alhaji ya ce, "Madalla, Malam." Na koma gida Tudun Wada da farin ciki.

Amma akwai abin da na kashe wajen saiti. Sunansa STONITH, aikinsa shi ne idan saba ɗaya ta daina jin bugun ɗayar, ta datse mata wuta tukuna kafin ta hau kujera. Lokacin gwaji ya yi ta kashe mini injina, ya dame ni, na rufe shi da niyyar zan dawo kansa. Ban dawo ba.

Wata Alhamis da yamma, lokacin damina, aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, wutar ta shigo da ƙarfi ta ƙona bakin suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin bene da na ƙasa. Saba ta farko tana ƙasa tare da masu karɓar kuɗi, ta biyu tana sama tare da ofishin sito. Babu wadda ta mutu. Haɗin da ke tsakaninsu ne kawai ya yanke. Ta sama ta daina jin bugu, ta ɗauka ta ƙasa ta tafi, ta naɗa kanta shugaba. Ta ƙasa ma tana nan tana aikinta. Aka yi sarki biyu a gari ɗaya, kuma babu allon da ya nuna ja, kowa na buga rasit lafiya lau.

Sai bayan kusan awa uku wata mai karɓar kuɗi ta kira ni. "Malam, na sayar da katon goma na ruwan ƙari, yaran sito sun ce ba su ga oda ba." Da na zo na duba, jikina ya yi sanyi. Lambar rasit ɗaya, mutum biyu daban, kuɗi daban. Ba yadda za a yi a ce wa kwamfuta ta haɗe su, don kowanne gaskiya ne a inda aka rubuta shi. Ni da akanta muka kwana a ofis, da fitilar waya da shayi, muna bin kwafin rasit na takarda ɗaya bayan ɗaya, har aka kira assalatu. Alhaji bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "To da gobara ce fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da mun rasa komai." Duka biyun a gini ɗaya suke.

Wannan tambayar ta fi kwanan ofis ɗin zafi a wurina. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda ajiyarsu ke harabar guda sun yi asarar da ba ta dawowa. Na karanta labarin a lokacin, ban ga kaina a ciki ba. Ni a zatona saba ta biyu ita ce ajiyata. Alhali idan wani ya goge bayanai bisa kuskure a ta farko, nan take ta biyu za ta kwafi gogewar.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Na saka ƙaramar kwamfuta ta uku a matsayin shaida, yadda sai ɓangaren da ke da ƙuri'a biyu cikin uku zai yi aiki, wanda ya tsinci kansa shi kaɗai ya yi shiru. Na kunna STONITH, na ja igiya ta biyu ta wata hanyar daban. Kwafin ajiya yanzu uku ne, ɗaya a reshenmu na Samaru. Na zauna da Alhaji muka yanke abu biyu da shi ya kamata ya yanke tun farko, ba ni ba: aikin minti nawa zai iya jure rasawa, kuma awa nawa shago zai iya tsayawa. Ya ce minti goma sha biyar, da awa biyu.

Asabar ta farko a kowane wata ina zuwa Samaru in dawo da ajiyar a kan wata kwamfuta daban, ina duba agogo. Karon farko sai da na kwashe awa biyar, don kalmar sirrin buɗe ajiyar tana cikin sabar da muka ƙaddara a gwajin cewa ta ƙone. Yanzu tana rubuce a takarda, cikin ambulan, a sef ɗin Alhaji.